Sana'ata ta Shigo da Laftof: Abin da Ake Dubawa Kafin Kaya Su Hau Jirgi

Sana'ata shigo da kwamfutar tafi-da-gidanka daga Amurka da Dubai zuwa Kano, akasari gwanjo, jefi-jefi sababbi idan wani ya ba da sautu. Da ita nake riƙe da gidana. Matasan da ke zuwa neman shawara kusan tambayarsu guda ce: nawa ake samu a kan laftof ɗaya? Nakan ce musu riba da asara tun kayan suna can ake yanke su, lokacin da za ka iya cewa ba ka so a mayar wa mai shi. Da zarar kaya sun hau jirgi ba sa komawa, kuɗin mayar da su ya kusa kuɗin sayensu. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa a kan kwanakin da ke tsakanin biyan kuɗi da tashin jirgi ne.

Ka fara da sanin irin wadda za ka saya. Laftof iri biyu ce a wurinmu. Akwai ta gida, mai jikin roba, wadda ake jerawa a manyan kantuna, kamar HP Pavilion da Dell Inspiron da Lenovo IdeaPad. Akwai kuma ta ofis: ThinkPad, Latitude, EliteBook. Kamfanonin Amurka da Turai haya suke ɗaukar irin waɗannan na shekara uku ko huɗu, idan wa'adin ya cika sai a kwashe su da yawa a sayar. Su ne gwanjon da ke da albarka. Mahaɗar murfinsu ba ta saurin karyewa, ana kwance su da sukurdireba ɗaya, kuma fuska (sikirin) da kibod da batirinsu ana samu a Beirut Road ko Computer Village ta Ikeja ba tare da wahala ba. Ta gida tana da kyan gani a hoto, amma in ta yi shekara biyu a jakar ɗalibi, gindin murfin ne ke fara ɓallewa, ya ja wayar fuska ya tsinka.

Sai zancen furosesa, wato injin da ke tafiyar da aikin kwamfuta, inda ake cutar mutane da yawa. Mai saye yakan ji an ce i7 sai ya ɗauka ta fi kowace i5. Zubin ne abin dubawa, kuma yana cikin lambar. A i5-8350U, 8 ɗin farko shi ne zubi na takwas. A i5-1135G7, 11 ɗin farko zubi na sha ɗaya ke nan. I7-7600U ƙwaƙwalwa biyu gare ta, i5-8350U kuwa huɗu, don haka ƙaramar a suna ta fi babbar aiki. Akwai wani dalili da ya fi wannan nauyi: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida sai Intel zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da guntun tsaro na TPM 2.0. Ana yi wa tsofaffin dabara a ɗora musu, amma ni ba na zuba jari a zubi na shida ko na bakwai yanzu, komai arharsa. Ka kuma duba ko RAM ɗin ana cire shi. ThinkPad T480 da Latitude 5490 da EliteBook 840 G5 gurbi biyu gare su, ka sayi mai 8GB ka ƙara a nan. ThinkPad X1 Carbon da Dell XPS 13 kuwa a manne yake da fanel, wato babban allon cikin laftof, yadda ka saye ta haka za ta mutu. Fuska ma kada ka yarda da "inci 14" kawai. Samfuri ɗaya yakan zo da fuska mai 1366 sau 768 mai dishi-dishi, ko mai 1920 sau 1080, kuma bambancinsu a farashin Kano ba ƙarami ba ne.

Babban abin da ke cinye jari shi ne kulle. Laftof ɗin da ta fito daga kamfani tana iya zuwa da kulle iri-iri, kuma babu wanda ake gani a hoto. Na farko kalmar sirri ta BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. A ThinkPad na zamani cire ƙaramin batirin agogo ba ya goge ta. Sai an kai wa mai gyaran fanel, wani lokacin sai an canza fanel ɗin gaba ɗaya. Na biyu Absolute, tsarin bin sawun kwamfuta wanda a da ake kira Computrace. Yana zaune a cikin BIOS, ko ka sake Windows ko ka canza faifai zai dawo, kuma tsohon mai ita yana iya rufe ta daga nesa. Na uku Autopilot: za ka ɗora sabuwar Windows lafiya ƙalau, da ka haɗa ta da intanet sai sunan wani kamfani ya fito yana neman ka shiga da adireshin ma'aikacinsa. Shi ya sa gwajin da aka yi babu intanet ba gwaji ba ne. A ɓangaren Apple abin ya fi tsauri. Duk MacBook mai guntun T2, wato daga 2018, da masu M1 daga 2020 zuwa sama, idan tsohon mai ita bai fita daga iCloud ba, sai dai a fasa ta a sayar da kayan cikinta. Akwai kuma masu rajistar kamfani ko makaranta, waɗanda ke nuna Remote Management bayan an goge su. Kada wani ya ce maka an tsallake kullen. Tsallakewa na ɗan lokaci ne, ranar da mai saye ya goge ta zai dawo shagonka da ita a hannu.

Tunda na shiga maganar Apple, MacBook Pro na 2016 zuwa 2019 masu siririn kibod ɗin nan ƙura kaɗan ke maƙale musu maɓalli, ka san kuwa yadda hunturun Kano yake. Ba na taɓa su. MacBook Pro mai inci 15 da aka sayar tsakanin Satumbar 2015 da Fabrairun 2017, Apple da kanta ta yi kiran wasunsu a 2019 saboda batirin na iya kama wuta, kuma an hana hawa jirgi da waɗanda ba a canza wa batir ba. Ana duba lambar jikinta a shafin Apple.

Kafin in biya, hotuna huɗu nake nema daga mai sayarwa: shafin BIOS a buɗe yana nuna lambar jiki, fuska a kunne da farin shafi don a ga tabo ko mataccen ɗigo, ƙasan laftof ɗin, da rahoton batir. Rahoton ba shi da wuya, a rubuta powercfg /batteryreport a Windows, sai ya fito da ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa. Batirin 840 G5 50Wh ne. Idan rahoto ya nuna 32, ka lissafa kuɗin sabon batir cikin farashi. Abin da ya gaza kashi 80 cikin ɗari ba na kiransa batir mai kyau, domin a ƙasar da ake ɗauke wuta batir shi ne abin farko da mai saye ke tambaya. Lambar jikin kuma ka saka ta a shafin kamfanin, Dell na da Service Tag mai harafi bakwai, zai nuna maka kayan da aka ƙera ta da su da ranar da garanti ya ƙare. Idan talla ta ce i7 shafin Dell ya ce i5, ka san da wanda kake ciniki. Mai sayarwar da ya ƙi turo hoton BIOS ba na jayayya da shi, wucewa nake.

A eBay ka karanta bayanin ƙasa, ba kan talla kaɗai ba. Wanda aka rubuta don kayan gyara ne kawai, ko aka ce ba a gwada ba, ba shi da wata kariya ta aiki. Da yawa suna zuwa babu faifai da babu caja, saboda kamfanoni kan cire faifan su lalata don sirrinsu. Wannan ba aibi ba ne muddin ka sa shi a lissafi. Kuma kada ka yarda a ja ka wajen dandalin a ce ka turo kuɗi kai tsaye a rage maka. A PayPal ma biyan da aka yi da sunan 'yan uwa da abokai ba shi da kariya.

Ga inda sababbin shiga ke tuntuɓe. Kariyar eBay kwana 30 ce daga ranar da kaya suka isa adireshin da ka bayar, wato rumbun mai kago (mai yi maka jigilar kaya zuwa Najeriya) a Amurka, ba shagonka na Kano ba. Kuma a ƙa'idarsu, kayan da aka sake turawa wani adireshi bayan sun isa sun fita daga kariyar. Ma'ana, rumbun nan shi ne wurin gwajinka na ƙarshe. Ka nemi mai kagon da zai buɗe kwali, ya kunna, ya shiga BIOS, ya haɗa da intanet, ya turo maka bidiyo, ko da zai caje ka wani abu a kan kowace guda. Idan kana da ɗan'uwa a can da zai yi maka, ka ba shi jerin abin da zai duba a rubuce, kada ka ce masa "duba min ko tana aiki", domin kunnawa kawai zai yi ya ce lafiya lau. A Dell F12 ke kai ka gwajin da laftof ke yi wa kanta, a HP ka danna Esc sannan F2, a Lenovo F1 ke buɗe BIOS. Minti goma sun isa.

Jihar da rumbun yake ma kuɗi ce. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2018 a kan harajin cinikin intanet, manyan dandalin ciniki suna karɓar harajin jihar da za a kai kaya. A Houston kashi 8.25 ne cikin ɗari. Delaware da Oregon da New Hampshire da Montana ba su da wannan haraji. A kan laftof ta dala 250, kai ta Houston ya ƙara maka dala 20 da ɗoriya. Idan guda ashirin ne, ka ba da kuɗin wata laftof da rabi a haraji. Sai dai ka gwada da kuɗin da mai kago zai karɓa na ɗauko ta daga Delaware, wani lokacin abin da ka tsira da shi nan ne yake tafiya.

Dubai wani salo ne. Sababbi suna titin Khalid bin Al Waleed a Bur Dubai, gwanjo na sari kuwa a unguwannin masana'antu na Sharja. Amfaninta shi ne kana taɓa kaya da hannunka. Illarta, yawancin kayan daga Amurka da Turai suka zo, an riga an tace su, an yi wa wasu fenti, an manna wa murfi leda mai kama da ƙarfe, an sauya fuska ta asali da mai arha. Darajar A da B da C da suke faɗa ba ta da wata hukuma a bayanta, A ɗin wannan shago B ce a na gaba. Ka sa farce a gefen murfi, ka duba kan sukurorin ƙasa ko sun cinye, ka gwada kowace kafar USB. Idan sari ne, kada ka yarda a nuna maka biyar a ɗaure maka hamsin. A rubuta lambar jikin kowacce a rasit, a ɗaure a gabanka. Wanda ya dogara da Dubai kaɗai ya ji a jikinsa lokacin da aka dakatar da biza ga 'yan Najeriya a 2022, Emirates ma ta daina zuwa sai Oktoban 2024 ta dawo Legas. China ni kayan gyara nake saye daga can, fuska da kibod da caja. Sabuwar laftof ta kasuwar cikin gidansu takan zo da Windows da ba a canza mata harshe, sai ka sake ɗora wata.

Sai ɗauri da nauyi. Masu jirgi ba nauyin sikeli kaɗai suke caji ba, suna auna girman kwali, su ɗauki wanda ya fi yawa. A DHL ana ninka tsawo da faɗi da kauri a santimita a raba da 5000, a kagon jirgi na yau da kullum da 6000. Kwali mai 45 da 35 da 12 ya ba da 18,900, wato kilo 3.78 a lissafin farko, alhali laftof ɗin da cajarta ba su kai kilo biyu da rabi ba. Shi ya sa ake fitar da su daga kwalayen da suka zo ciki a haɗa su wuri guda. Amma a haɗa su da hankali: takarda ko siririn soso tsakanin kibod da fuska, leda mai iska ninki biyu, a tsayar da su a gefe maimakon a ɗora su kwance, caja kuma a wani ɓangare dabam. Fuskar da ta fashe a hanya, sau da yawa kan caja ne ya danne murfi, ko ta ƙasa ce ta ɗauki nauyin goma da ke kanta. A tabbatar an kashe kowacce gaba ɗaya. Wadda aka rufe tana barci tana iya farkawa cikin leda ta yi zafi har batir ya kumbura.

Batir shi ne dalilin da ya sa ake riƙe kaya a filin jirgi. Laftof da batirinta a ciki tana tafiya ƙarƙashin lambar UN3481, kuma kwalin da ke da batir fiye da biyu sai an manna masa alamar lithium. T480 batir biyu gare ta, na ciki da na waje, ka sa wannan a rai wajen ƙirga. Batir zalla kuwa UN3480 ne, tun Afrilun 2016 aka hana ɗora shi a matsayin kago a jirgin fasinja. Sai jirgin kaya, kuma cajinsa kada ya wuce kashi 30. Saboda haka kada ka cusa batura a cikin kwalin laftof ka yi shiru. Na'ura za ta gani, kuma ba kwalinka kaɗai za a sauke ba, har na mutanen da aka haɗa ku. Batirin da ya kumbura ba ya hawa jirgi ko ta wace hanya, a cire shi a can. Idan mutum ne zai riƙo maka, laftof ta zauna a jakar hannu, batir na daban ba ya shiga jakar da ake aunawa, iyakarsa 100Wh, daga nan zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi. Ka kuma faɗa wa mai riƙowar gaskiyar adadin. Mutum ɗaya da laftof shida a jaka, kwastam ba za su yarda nasa ne na amfani ba.

Jirgin ruwa ya fi arha, amma wata ɗaya zuwa biyu kuɗinka na kan teku, ga laima, ga jinkirin Apapa da Tin Can. Ya dace da na'urar buga takardu da manyan kwamfutocin tebur. Laftof farashinta sauka yake kullum, ni ta sama nake bi.

Wajen kwastam, babban ɗan kasuwa yana buɗe Form M, takardar shigo da kaya, a banki, a fitar masa da PAAR, rahoton ƙiyasin kwastam, a biya kuɗin fito da harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020. Laftof tana ƙarƙashin lambar kaya 8471.30. Kayan lantarki na gwanjo kuma hukumar kare muhalli ta NESREA na da ta cewa a kansu, domin doka ta hana shigo da matattu da sunan gwanjo, mai shigo da su da yawa sai ya yi rajista da ita. Ƙaramin ɗan kasuwa yawanci ta hannun mai kago yake bi, a haɗa kayansa da na wasu a fito da su tare. To ka tambaya tun farko, a rubuce: kuɗin kilon nan ya haɗa da fito, ko sai kaya sun sauka za a kira ni? A Legas zan karɓa ko a Kano? Idan kwali ya ɓata, nawa za a biya? Yawancinsu a kan kilo suke biyan diyya, ba a kan darajar kaya ba, sai in ka sayi inshora. Masu rage farashi a takarda don kuɗin fito ya yi sauƙi su sani cewa inshora abin da aka rubuta take biya, kwastam kuma suna da nasu ƙiyasin. Ka riƙe kwafin takardun fito, domin tsakanin Legas da Kano akwai jami'an kwastam a hanya, kuma takarda suke tambaya.

Canji shi ne abin da ba ka da iko a kansa. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar da kayansa a kan farashin da ya saya, ya ga riba a littafi, ya je kasuwar canji ta Wapa ya tarar kuɗin ba za su sayi rabin abin da ya sayar ba. Farashi ana sa shi ne a kan abin da za ka kashe ka maye gurbin kayan yau. Lissafina na kowace guda yana ɗauke da kuɗin saye, harajin jiha, kuɗin kai wa rumbu, gwaji, kilo, fito, motar Legas zuwa Kano, caja, faifai ko RAM da zan ƙara, da wani kaso da nake warewa na waɗanda za su zo da matsala, don ko an yi gwaji sai an samu. Idan bayan wannan farashin bai yi ƙasa da na 'yan sarin Ikeja da tazara mai kyau ba, gara in saya a Ikeja in huta.

Caja ba ta da matsalar wuta, kusan duka an rubuta musu 100 zuwa 240V, igiyar bango kawai za ka canza zuwa mai baki uku irin namu. Matsalar jabu ce. Cajar Dell mai zagayen baki tana da siririyar allura a tsakiya wadda ke gaya wa laftof ƙarfinta. Idan jabu ce ko allurar ta karye, laftof za ta kunna amma ba za ta yi caji ba, ta kuma rage gudu, mai saye ya ɗauka furosesa ce ta lalace. Ka shiga BIOS ka ga ko ta gane cajar a matsayin 65W.

Idan kaya sun iso, ina ɗaukar bidiyon buɗe kwali tun daga salatif, in gwada lambobin jiki da na rasit. Kowace guda sai an buɗe ƙasanta an busa fanka, an sauya man da ke kan furosesa, domin wanda ya bushe a ofis mai sanyi ba zai jure zafin Afrilu a nan ba. Sai a bar ta tana aiki na wasu sa'o'i a kan batir a ga inda za ta mutu. Kibod ma ina rarrabewa. Na Amurka da na Ingila su ake nema a Kano. Na Jamus mai Z a gurbin Y, da na Japan, sai an rage kuɗi ko an canza. Na Faransa mai farawa da AZERTY a nan yana daɗewa a shago, amma abokan cinikina na Maraɗi da Damagaram shi suke tambaya, saboda da shi suka saba a makaranta da ofis, don haka nasu nake ware wa, tare da igiyar caja mai baki biyu zagayayye irin ta soket ɗinsu.